Talatar da Na Ɗaure Hannayen Ɗalibaina

Ni mutum ce mai saurin yanke hukunci, kuma da wuya in yarda na yi kuskure a ranar da na yi shi. Mijina ya sani, ƙannena sun sani, yaran da na koyar ma sun sani. Na faɗi haka tun da fari ne don kada a ɗauka wani ne ya tura ni ga abin da na aikata.

A lokacin ina koyar da zane a wata makarantar kuɗi a Nyanya, can ciki bayan tasha, inda sai ka taka katako ka tsallake kwata kafin ka shiga get. Ajin da na fi ji da shi shi ne aji biyu na ƙaramar sakandare, rukunin A. Yara talatin da 'yan kai, kowace ƙabila da nata: Gbagyi, Tibi, Ibo, Yarabawa, Hausawa. A aji Turanci ake yi, amma da an fita tara sai ka ji kowa ya koma Hausar Abuja, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Dukansu Anti suke ce min.

A zango na biyu aka kawo wata sabuwar yarinya, siririya, mai dogon hijabi har gwiwa. Ta zaɓi kujerar baya kusa da taga. Ba ta da surutu, kuma da hagu take rubutu. Ranar farko da ta kawo min littafinta, da hagun ta miƙo min shi, ni kuwa nan take raina ya ɓaci.

"Ke, a gidanku da hagu ake miƙa wa na gaba abu?"

"Yi haƙuri, Anti," in ji ta. Ta ajiye littafin a kan tebur ta koma wurinta.

A raina na riga na sa ta cikin marasa tarbiyya. Amma da na buɗe littafin sai bakina ya mutu. Buta na ajiye musu a kan tebur na ce su zana. Sauran yara sun zana buta irin wadda ke cikin kansu, sumul, ba tabo. Ita ta zana tawa, har da lotsewar da ke gefenta da baƙar robar da na ɗaure hannun da ita. Shekara uku ina koyarwa ban ga yaro mai ido irin nata ba. Na fara ɗokin ranar Talata, ranar darasina da su, saboda ita, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba.

Wata rana na ce kowa ya ɗora tafin hannunsa a kan kwali a zagaye shi da fensir, hagu da dama, sannan a cika ciki da zanen lalle. Aji ya kacame, kowa na zagaye wa na kusa da shi. Ita tana zaune, kwalinta fari. Na je na tsaya a kanta na ce ta fito da hannu, lokaci na tafiya. Ta ɗago ta dube ni, ta ce a hankali, "Anti, don Allah sai an tashi."

Da aji ya watse ta rufe ƙofa da kanta, ta ɗaga gefen hijabin. Hannun damanta ya ƙare ne kaɗan bayan wuyan hannu, ba yatsu, fatar ta tattare. Ta ce tana rarrafe ta faɗa murhu. Ta faɗi haka ne kamar mai ba da labarin wata. Ni kuwa na tuna tsawar da na daka mata a kan hagu, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

"Madam kaɗai ta sani," in ji ta, tana nufin shugabar makarantar. "Don Allah, Anti, kada ki faɗa wa kowa."

Na ce wallahi ba zan faɗa ba. Har rantsuwa na yi, ba ta ma nema ba.

Bayan sati biyu makaranta ta tura ni bita a wani otal a Jabi, a kan yadda za a koya wa yara zama da masu buƙata ta musamman. An ba mu jaka da biro, an ba mu shinkafa da kaza. Wani mutum mai kwat ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a sa yara su ɗanɗana da kansu: a rufe musu ido, ko a ɗaure musu hannu, a ba su aiki. Maganar ta shige ni. A motar dawowa, muna tsaye cak cikin cunkoson Nyanya fiye da awa ɗaya, na tsara darasin gaba ɗaya a kaina. Na ce zan wanke laifina, zan gyara wa yarinyar nan zama, kuma ba zan ambaci sunanta ba, don haka alkawarina na nan. Ban nemi shawarar Madam ba, balle ta yarinyar. Da na isa gida na yayyaga wani tsohon zanina na yi tsumma talatin da biyar.

Ranar Talata na shiga aji da tsummokaran a leda. Na rubuta a allo cewa yau za mu koyi yadda masu hannu ɗaya ke rayuwa. Na ce kowa zai mayar da hannun damansa baya in ɗaure masa a ƙugu, sannan ya fere fensir ya zana mangwaro da hagu. Yara suka ɗauki ihu don murna. Na fara daga layin gaba, ina ɗaurewa suna dariya, wani na cewa an kama ɓarawo.

Sai da na kai layi na uku sannan na farga. Saura yara shida in isa gare ta, kuma ban taɓa tunanin abin da zan yi idan na isa ba. In na ɗaure ta, dole in ɗaga hijabin. In na tsallake ta, kowa zai gani. Duk daren da na kwashe ina yanka zani, wannan bai zo min a rai ba. Na rage sauri, ina ƙulla kowane tsumma sau biyu, ina fatan a buga ƙararrawa ko Madam ta aiko kirana. Ba wanda ya zo. Yarinyar ta zuba min ido tun daga nesa, ba ta ko ƙiftawa.

Da na iso na ce, da muryar da na so ta fita sakaka, "Ke tunda dama da hagu kike rubutu, yi zamanki."

Abokiyar zamanta, wata 'yar gajera mai baki, ta yi tsalle. "Anti, no be so, ba haka ba ne! Shi ya iya hagu, sai a ɗaure masa hagu, ya yi da dama!"

Aji ya ɗauka. "A ɗaure hagu! A ɗaure hagu!" Suna buga tebur da hannun da ya rage musu. Na daka tsawa, ba wanda ya ji. 'Yar gajerar nan, cikin wasa, ta kai hannu ta yaye hijabin don ta zaro mata hannun dama. Ta zaro shi kuwa. Ta kurma ihu ta saki, ta ja da baya har kujerarta ta kife.

Ajin ya yi tsit. Ina jin kwandastan motar Maraba yana kiran fasinja daga can bakin titi.

A nan ya kamata in ce a kwance tsummokara, kowa ya fita. Ban yi ba. Tsoro ne ya kama ni, ni kuma in tsoro ya kama ni sai in hau magana. Na koma gaban allo na yi musu wa'azi. Na ce kun gani ko, abin da kuka kasa jurewa na minti goma, 'yar'uwarku da shi take kwana take tashi. Na ce ku tausaya mata, ku taimake ta, Allah na ba da lada. Na yi ta zuba har wasu yara suka fara hawaye, ni kuma ganin hawayen sai na ji kamar darasi ya shiga. Duk wannan lokacin ita ta gyara hijabinta, ta sunkuyar da kai, tana zana mangwaron.

Washegari yara suka fara aiki da wa'azina. Wannan ya karɓe mata jaka tun daga get, wancan ya fizge fensirinta zai fere mata, alhali ta fi su iya ferewa. Duk inda ta gifta sai ka ji "Eyya, sorry." Kafin a tashi tara, teburinta ya cika da biskit da alewa da cincin. Ba ta taɓa ko ɗaya ba, na ɗauka kunya ce. Har na zauna na rubuta wa Madam rahoto mai shafi biyu cewa darasin ya yi nasara.

Ranar Juma'a uwar wani yaro ta aiko shi da baƙar leda cike da tsofaffin kaya. Yaron ya ajiye mata a gaban kowa, ya isar da saƙon uwarsa yadda aka ba shi: sadaka ce, a sa shi a addu'a, jarrabawa ta kusa. Haka mutane ke yi wa masu zama a ƙarƙashin gadar Nyanya. Ba na ajin, daga baya aka ba ni labari. An ce ta dubi ledar, ta tattara littattafanta, ta fita get ba ta nemi izinin kowa ba.

Litinin ba ta zo ba. Talata na shiga aji, kujerar kusa da taga ba kowa, na koyar da haɗa kala ban san me nake faɗa ba. Laraba Madam ta aiko kirana. Mace ce mai jiki, 'yar Filato, ba ta ɗaga murya, shi ya sa kowa ke tsoronta. Rahotona na kan teburinta.

"Anti, zauna," in ji ta. "Babanshi ya kira ni this morning. Ya ce in ba shi takardun yarinya. Saturday zai sa shi a mota, ya koma village wajen kaka."

Na ce ai ana iya samun makaranta a can.

"Babu secondary a village ɗin. Na tambaya." Ta tura min rahoton da ɗan yatsa. "Ni ya ba amana, na riƙe tun farkon term, ba wanda ya ji. Ke kin je workshop kwana ɗaya. Ki je ki gyara abin da kin ɓata. In yarinyan nan ya tafi, ni da ke za mu zauna."

Ba barazanar ce ta dame ni ba, ko da yake ta dame ni. Abin da ya fi damuna shi ne kwana uku suka rage, kuma in motar nan ta tashi da ita, karatunta ya ƙare a aji biyu, ni ce sila.

Alhamis ana tashi na hau mota zuwa Masaka. Madam ta ce a kasuwar can uban yarinyar yake sayar da albasa. Na yi ta tambaya layi-layi har aka nuna min shi, wani dogo mai furfura a gemu, yana zaune a kan buhu yana ware ruɓaɓɓu. Na yi sallama, na ce ni ce malamar zane. Ya amsa sallamar cikakkiya, ya sa aka ba ni benci, ya ci gaba da aikinsa. Na fara bayani. Na kawo bita, na kawo mai kwat, na kawo kyakkyawar niyyata. Ya bar ni na gama tas.

"Malama," in ji shi, "kin san abin da ya sa na ɗauko ta daga gida? A ƙauyenmu ba mai kiranta da sunanta. Da hannun ake kiranta. Har an taɓa zuwa wurina a ce in ba da ita a riƙa yawo da ita kasuwa-kasuwa, wai za a samu. Na ce ba da 'yata ba. Na kawo ta nan inda ba wanda ya san ta, na sa ta makaranta da gumina. Ni ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Sai ga ta ta dawo min ranar Juma'a, wai an ba ta sadaka."

Na ce, "Malam, yara ne, ba su san..."

"Yara ba su da laifi. Abin da aka koya musu suka yi."

Zuciya ta taso min, halina ke nan. Na ce to shi ke nan sai a yi ta ɓoyewa har yaushe? Ai dole wata rana a sani, kuma gara a koya wa yara tun yanzu. Ya ajiye albasar da ke hannunsa, karo na farko ya dube ni sosai.

"Wataƙila gaskiyarki ne. Amma hannun na wane ne? Kin tambaye ta?"

Na zauna ina kallon ƙudaje a kan ruɓaɓɓiyar albasa. Can na ce ya yi wa Allah ya bar ni in gan ta. Ya bar wa maƙwabcinsa rumfar, ya shige gaba ina binsa.

Gidan haya ne a bayan kasuwa, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Jakarta na gani da farko, irin mai ratsin nan ta zuwa ƙauye, an cika ta an zuge, tana jingine a bakin ƙofa. Ita tana zaune a kan turmi ba hijabi, tana yanka kuɓewa. Ta danne kuɓewar a kan faranti da dungun hannun, wuƙa a hagu, tana yi da saurin da ni mai hannu biyu ban kai ba. Da ta gan ni ba ta rufe hannun ba. Ta gaishe ni, ta ci gaba da yanka.

Na tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa yi wa ɗaliba ba. Na ce na zo ba ta haƙuri.

"Anti, kin ce ba za ki faɗa ba."

"Ai ban faɗa ba," na ce. Wallahi haka na ce. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta dube ni kawai, ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ce ta karya ni. Na ce a'a, ƙarya nake, na faɗa, da hannuna na tona mata asiri, kuma na yi ne don in ji daɗin kaina, ba don ita ba. Na ce ta hukunta ni yadda ta ga dama, amma kada ta bar karatu saboda wautata. Ina magana, matan gidan sun leƙo suna kallon malama a tsugune.

Uban yana tsaye a bakin zaure. Ya ce, "Uwata, kin ji. Ni na riga na yi wa direba magana. Amma ke za ki zauna a ajin, ba ni ba. Me kika ce?"

Ta gama yanka kuɓewar da ke gabanta tukuna, ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ina son karatuna," in ji ta. "Zan koma. Amma a canja min aji, a kai ni B. Kuma a ce musu kada wanda ya sake ɗaukar min jaka."

Na yi saurin cewa an gama, har na fara murmushi. Sai na tuna ba ni ke koyar da rukunin B ba. Wani malami ne, dattijo, wanda ba ya taɓa kwali ko kala, sai dai ya cika allo da bayani yara su kwafa. Na ce mata ai a B ba a zane sosai, ita kuwa Allah Ya ba ta hannu.

"Na sani, Anti," in ji ta.

Ranar Litinin ta dawo, Madam da kanta ta kai ta B. Ni kuma na tsaya a gaban 'yan A na ce musu darasin da na koya musu ba daidai ba ne, ni na yi kuskure, ba su ba. Na ce ba a taimakon mutum sai an tambaye shi ko yana so. Sun yi tsuru-tsuru, don ba su taɓa jin Anti ta ce ta yi kuskure ba. Tsummokaran na zuba su a shara.

Ban daina koyar da darasin ba, amma ban sake ɗaure kowa ba. Yanzu fita nake da yara, kowa da kwalinsa, mu zana makarantar kanta: katakon da ke kan kwata, matakalar bene, ƙofar banɗaki, tsayin allo. Sai in tambaye su wane ne ba zai iya shiga nan ba, su sake zana wurin yadda kowa zai shiga. Suna kawo dabaru har da na ban dariya, kuma ba mai kuka.

Ita kuwa kullum muna haɗuwa a matakala. Takan rusuna ta ce, "Ina kwana, Anti," in amsa, ta wuce. Ba ta taɓa yi min rashin kunya ba, ba ta kuma taɓa tsayawa ba. Na ga ta yi ƙawaye biyu a B, har wata rana na hango ta tana dariya, hijabin a naɗe a kafaɗa.

Ƙarshen zango muna zaune a ofishin malamai muna duba takardun jarrabawa, na daure na tambayi dattijon yadda take a darasinsa. Na ce ya lura da ita, ba a samun mai zane irinta.

"Wace? Mai hagun nan?" Ya ɗaga tabarau. "Ai ita ba ta zane."

Ya laluba cikin tarin takardu ya zaro tata ya miƙo min. Duk tambayoyin ta amsa su daidai, da rubutunta mai tsabta. Shafi na ƙarshe, inda aka ce ɗalibi ya zana duk abin da yake so, ta bar shi fari.